Gwangwanin Maɓallan Baba

Babanmu tela ne, ko da yake ya daɗe bai taka keke ba. Idonsa ne ya fara gajiya. Sai ya yi ta kai zare bakin allura yana kuskurewa, har wata rana ya rufe keken da ƙyalle, ya ce ya isa haka. Abin da ya dawo da shi gida daga shago bai wuce almakashi da wani tsohon gwangwanin biskit cike da maɓallai ba.

Wannan gwangwani shi ya zama shagonsa. Kullum da yamma sai ya zauna a baranda, ya juye maɓallan a tire, ya shiga ware su da yatsa: masu huda biyu gefe guda, masu huɗu gefe guda, na kwat kuma can daban don, a cewarsa, girman kai gare su. Kowane ya taɓa sai ya ba da labarinsa. Wannan na wani direba ne mai tumbi, wancan na malamar da ta dawo da riga sau ba adadi. Mu dai mun haddace labaran, amma muna zama. Idan ya gama, Inna ta zo ta kwashe ta mayar gwangwani, ta girgiza shi sosai, gobe a sake.

Ana haka yayanmu ya zo hutu. Mutum ne mai tausayi, sai dai tausayinsa na da gaggawa. Ya ga tsoho yana wahala a kan aikin da ba ya ƙarewa, abin ya sosa masa rai. Ya je ya sayo akwatin roba mai gida-gida, ya zauna ya jera kowane maɓalli a gidansa tsaf. Baba ya shafa murfin, ya sa wa yayanmu albarka.

Daga ranar baranda ta yi shiru. Baba yakan buɗe akwatin, ya tarar ba abin yi, ya rufe. Sai gyangyaɗi, sai kallon bango. Abincinsa ma ya ragu. Ni tsoro ya kama ni, don na ga mutumin yana ficewa daga hannunmu alhali yana zaune a gabanmu.

Wata yamma Inna ta ɗauko akwatin kamar za ta goge shi, tana isowa gaban Baba ta sake shi. Maɓallai suka watse har ƙarƙashin kujera.

“Kash, hannun tsufa,” in ji ta.

Baba ya juyo da fuska wajenta. “Tun da nake da ke, ko cokali ban taɓa jin ya faɗi daga hannunki ba.”

“To yau ka ji. Sai ka tsince.”

Ya sauko kan tabarma a hankali yana laluben ƙasa, mu kuma muna turo masa waɗanda suka yi nisa. Can ya tsaya, yana murza wani ƙaramin kore tsakanin yatsunsa. Ya ce na rigar farko da ya ɗinka wa Inna ne, wadda ta ce hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

“Ai ya fi,” in ji Inna, ta tura masa tire.