Tumfafiya a Tukunyar Tangaran

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokin kasuwancina mutumin Maraɗi, wanda ya riga ni sanin hanyar China da shekara uku. Mota ta kai mu Legas, jirgi ya kai mu Dubai, wani jirgin ya sauke mu Guangzhou. Wannan ce tafiyata ta farko, kuma buƙatata guda ce: in sami wanda zai ɗinka mini wandunan jins su iso Kano kafin Babbar Sallah. Idan suka makara, to shagona ya yi sallar babu.

Zafin garin nan, jama'a, ba irin namu ba ne. Namu yana gasa mutum, nasu turara shi yake yi kamar dambu. Abincin halal kuwa sai a shagunan Musulmin China masu fararen huluna, inda kwanon taliya da ɗan nama bai wuce yuwan shida na kuɗinsu ba. Tsinkayen cin abincinsu suka gagare ni, na nemi cokali ba kunya.

Kwana biyu muna zagaya Zhanxi Lu, inda takalma suka cika benaye, da Baima, kasuwar tufafi. Kalma biyu na fara koya: "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu. Ta biyun na fi ji, domin duk wanda ya ji ƙanƙantar odata sai ya kaɗa hannu. Tafintanmu, wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatun likita, ya ce mu gwada Xintang, garin da ba a sana'ar komai sai jins.

A motar safa muka tafi. Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, har barci ya ƙi zuwa mini don ban saba ba. Muka sauka muka taka ta gefen wata magudanar ruwa da rini ya mayar shuɗiya, har gidan wani lawban mai ƙaramar masana'anta. Keken ɗinki a ƙasa, iyali a sama. Ya zuba mana shayi a kofuna kamar murfin kwalba, ya fara sassautowa. Sai azahar ta yi. Na nemi wurin sallah, ya nuna mini rufin bene.

Da na sallame na duba, ashe lambu ne. Ga kejin kaji a gefe, ga tukwanen tangaran masu zanen furanni a jere. Na matsa in ga abin da aka karrama haka, sai na ga tumfafiya. Wallahi tumfafiya, wadda take fitowa a kan juji a garinmu, wadda ko akuya ba ta kulawa. Kuma duk tsutsa ta cinye ta, manya-manya masu zanen fari da baƙi da rawaya, ganye ya kusa ƙarewa.

Ni ɗan manomi ne, ba na iya ganin tsutsa a kan shuka in wuce. Na kuma ce a raina ga hanyar da zan burge lawban. Na cire hulata na tsince su tas, na juye wa kaji a keji. Ina tsaye ina jin daɗin kaina sai ga wata tsohuwa ta hawo da butar ban ruwa. Ta dubi tukwanen, ta dubi kejin, ta dube ni. Ihun da ta yi ya hawo da kowa.

Mahaifiyar lawban ce. Ta yi magana ta kai minti biyar ba numfashi, cikin yaren garin da tafintanmu ba ya ji. Ɗanta ya juya masa zuwa yaren makaranta, tafinta kuma ya juyo gare ni.

"Alhaji, ta ce ba ka kyauta ba."

"Duk wannan zancen, shi ke nan?"

"Sauran ba zai amfane ka ba."

Ashe tsutsotsin kiwonta ne. Don su ta shuka tumfafiyar, domin ita kaɗai suke ci, kuma su ne suke zama malam-buɗe-littafi, mai ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari. Shekara da shekaru tana hawa benen nan kowace safiya don ta gan su. Lawban ya naɗe takardar odata ya sa a aljihu, fuska ba annuri. Abokina na Maraɗi ya matso ya raɗa mini, "Karambanin akuya, gai da kura." Gaskiya na ji tsoro, na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Kaji ne suka cece ni. Ko ɗaya ba su ci ba, sun koma lungu suna hararar tsutsotsin, domin ɗacin tumfafiya yana jikinsu. Kaji sun fi ni sani. Na durƙusa da babbar rigata na zura hannu cikin kashin kaji, ina ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa, tsohuwa na tsaye a kaina. Duk da haka ba ta huce ba. Ta nuna sandunan da ba ganye, ta ce ko ba ni ba yunwa za ta kashe su, ta aika kasuwar furanni sau biyu an ce meyo.

Nan na tuna. Lokacin da muke tahowa na hango tumfafiya a bayan wani kango kusa da magudanar ruwan, har na yi mata kallon ɗan gari. Na ce a ba ni wuƙa da buhu. Lawban ya rantse shekara ashirin yana bin hanyar bai taɓa ganinta ba. Ya goya ni a babur, na sauka daidai wurin, na yanko buhu guda, ina gargaɗinsa kada farin ruwanta ya taɓa masa ido.

Da muka zube ganyen a gabanta tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi. Can ta kama hannun rigata ta ja ni bayan wata tukunya, ta ɗaga ganye. Wani ɗan kwanso ne kore yake reto, da ɗigon zinari kamar ɗan kunnen amarya. Na kusa da shi ya riga ya tsage, mai shi yana rataye yana shanya fukafukai. Muka tsuguna ni da ita, ba mai jin yaren wani, har ya buɗe ya rufe, ya tashi ya bi ta saman rufin masana'antu. Ta ce wa ɗanta kalma biyu kacal. Wannan karon ban nemi fassara ba, domin na ga ya zaro takardar daga aljihu.

Mun dawo Kano lafiya, kaya kuma sun iso saura kwana tara sallah. Washegarin dawowata na zagaya bayan gidana, inda wata tumfafiya take fitowa duk shekara ina sare ta. Na juya ganye ɗaya, sai ga su nan, masu zanen fari da baƙi da rawaya. Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa juya ganyen ba. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: in tambaya kafin in gyara wa mutum abinsa, in kuma duba abin da na raina.

Yanzu na kewaye ta da bulo, ina ba ta ruwa. Maƙwabcina ya same ni tsugune a gabanta, ya ce, "Alhaji, kowa ya je China ya dawo da janareta, kai da wannan ka dawo?"

Na ce ya rage murya, akwai wanda yake shanya fukafukai.