Ranar da Tokar Inna Ta Je Gwaji

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Inna, mahaifiyarmu, kuma har yau in aka ce toka ita nake fara tunawa. Allah Ya ji ƙanta, murhu biyu gare ta a gidanmu na Assakio. Ɗaya na girki, kowane itace ya shiga. Ɗayan kuwa karan riɗi da na dawa kaɗai take ƙonawa a ciki, ta kwashe tokar ta tsiyaye ruwanta don miyar kuɓewa. Ka kuskura ka jefa ko ledar alewa a wannan murhun, ranar za ka san nauyin muciya. Mu kuwa dariya muke mata a ɓoye, muna cewa toka ai toka ce.

Da aure ya kawo ni Azuba sai na ce ni yanzu 'yar birni ce, murhu ɗaya ya ishe ni. Tsohuwar ƙofa mai fenti, guntayen katakon kafinta, har mataccen batir, duk wuta ta ci, ni kuma in kwashi toka in kaɗa miya.

Bana 'yata Hadiza, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo da labarin wai toka kan riƙe dalma da irin ƙarafan nan masu cutar da jiki, don wuta ba ta cinye su. Ta ɗebi tawa, ta ɗebi ragowar ta Inna da na adana a tulu, ta kai gwaji. Wallahi hankalina ya tashi, kuma ba don tawa ba. Tsoro nake kada na'ura ta ce guba uwata ta yi ta ciyar da mu. Kwana uku ina shirya bakin da zan kare ta.

Hadiza ta dawo tana danne dariya. Ta ce, "Mama, ta Inna lafiya lau. Ta murhunki ce ke da dalma. Don Allah kada ki ƙara zuba mana a miya."

Kai, na ji kunya! Da Inna na raye, na san ba za ta tambayi mece ce dalma ba. Riƙe takardar sakamakon gwajin za ta yi a juye, ta dube ni ta ce, "Sai da inji ya faɗa miki?"

Ba ta bar mana gida ko gona ba, amma yanzu murhu biyu gare ni. Jiya maigidana ya nufi na biyun da ledar burodi, sai ga muciya a hannuna a ɗage, ban san sa'ad da na ɗauke ta ba. Ya ja da baya ya ce, "Yi haƙuri, Inna." Na yi dariya sosai, sannan na zauna na yi kuka.