Baba Katikis, Wanda Ya San Iyakar Hannunsa

Gari bai gama wayewa ba ake jin ƙarar kekensa a bayan coci. Baba Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, yakan jingine shi a gindin bango, ya buɗe tagogi, ya share tsakanin bencina, sannan ya buga ƙararrawa. Waɗanda ya koya wa addu'a suna yara, yau jikokinsu suke kawo masa.

A wancan zamani Fada, limamin coci, jefi-jefi yake zuwa, domin ƙananan coci-cocin da ke hannunsa suna da yawa. Sai Bishop ya aiko Baba da izini bisa dokar Ikilisiya: ya koyar, ya ja addu'ar Lahadi, ya shirya masu baftisma, ya raka mamaci. Amma jagorantar babbar ibadar Mas da gafarta zunubi na Fada ne. Shekara da shekaru kujerar Fada tana nan a gaba, Baba yana goge ta, bai taɓa zama a kanta ba.

Wata damina ruwa ya yanke hanya, ciwo kuma ya kwantar da kafintan da ya yi wa coci bencina, abokin Baba tun ƙuruciya. Mutumin ya daɗe rabonsa da furta zunubi, ga shi ya ji tafiya ta zo. Da hantsi ya aika a kira abokinsa.

"Fada-ba-riga, jawo kujera," in ji kafinta. "Yau zan zazzage maka komai, ka yafe mini in huta."

"Ba a ba ni wannan ba, abokina."

"Kalmomin fa? Ai ka haddace su. Kai da ko tarin Fada ka san inda yake yi!"

"Na haddace. Amma idan na faɗa maka su, na ruɗe ka ke nan. Bari in je in ɗauko shi."

Matar kafinta ta tare ƙofa tana hawaye. "Haba Malam! Mutum yana wannan hali kana zancen doka? In ya cika kafin ka dawo fa?"

Shi ma Baba abin da yake tsoro ke nan. Ya durƙusa ya riƙe hannun abokinsa, suka yi addu'ar tuba a hankali, ya ce masa jinƙan Allah ba ya jiran keke. Sannan ya fita. Masu wanki a bakin rafi sun gan shi ya ɗora keken a ka, ruwa har ƙirji. Rana ta kusa faɗuwa ya dawo da Fada, dukansu jage-jage da taɓo, Fada riƙe da takalmansa a hannu.

Kafinta ya buɗe ido da ƙyar. "Kun daɗe. Da haƙori na riƙe ran nan, kamar yadda nake riƙe ƙusa in ina aiki."

Baba ya ja musu ƙofa, ya koma can nesa inda ba zai ji komai ba, ya zauna yana matse wando. Bayan 'yan kwanaki kafinta ya rasu cikin natsuwa. Matarsa ce take ba da labarin har yau, kuma ba ta taɓa tsallake wurin da ta tare ƙofa.

Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya rage, Baba zai ajiye aiki. Baba, kai ne ka tsaya a gabanmu ba ka taɓa ɗaukar kanka abin da ba kai ba. Kai ne aka roƙa da hawaye ka yi abu mai sauƙi, ka zaɓi shiga ruwa. Mun gode, ɗan aike mai amana. Allah ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma matasan da Bishop zai aiko mana a madadinsa, ku riƙa zuwa gaishe shi, yana son baƙi. Za ku samu izininku a rana ɗaya. Amma akwai ranar da wanda kuke ƙauna zai roƙe ku abin da ba a ba ku ba. Ranar, kada ku ce masa a'a ku koma gida. Ku ce a'a, ku tafi nemo masa wanda aka ba.