Lambar da Na Soke da Hannuna

Buret guda ɗaya tal muke da shi a makarantarmu ta Nasarawa, mu kuwa mun haura sittin a ajin kimiyya. Buret shi ne dogon gilashin nan mai zanen lambobi da ɗan famfo a gindinsa, wanda ake ɗiga asid da shi. Malamin kemistiri yana ajiye namu cikin tsohon tawul a ofis, in zai fito da shi kuwa sai ya rungumo shi kamar jaririn da aka haifa bakwaini. Ba a yarda ka yi atishawa kusa da shi ba.

Haka muka koyi taitireshan, da ido. Malam zai zuba bes, wato sinadarin da ke kishiyantar asid, a kwalba, ya ɗiga indiketa mai canja launi, ruwan ya zama ruwan ɗorawa. Sai ya riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo yana girgiza kwalbar har launin ya juye ruwan goro, ya karanta lambar da asid ya tsaya. Mu na baya, ƙeyar na gaba muke gani. Idan ya ce, "Kun ga ya canja?" sai mu amsa, "Mun gani, Malam," kamar masu amsa addu'a.

Ni dai ina buƙatar kiredit a kemistiri, don sai da shi ake shiga makarantar nas, kuma tun ina aji uku babana ya gama gaya wa duk 'yan cocinmu cewa nas zan zama. Ko ciwon kai wata ta yi a layinmu, sai a ce a kira ni.

Ranar firatikal na jarrabawar gama sakandare, aka aro buret ashirin daga wata makaranta a Unguwar Boro, aka raba mu rukuni uku. Dokar ita ce malam ma zai yi nasa gwajin, ya aika lambarsa ga masu maki, duk wanda lambarsa ta kusanci ta malam shi ya ci. Ni da ƙawata 'yar Makera muna rukuni na biyu. Kafin 'yan rukunin farko su gama wanke hannu, lambar da suka samu ta iso mana ta tagar bayan gida: ashirin da huɗu da ɗigo biyar.

Na tsaya gaban buret. Na zuƙi bes da fifet, siririn bututun awo, har ya shiga bakina, ɗanɗanonsa kamar na sabulun wanki. Na tofar, na sake. Na buɗe famfo, na girgiza, sai ga ruwan goro ya bayyana a idona, karo na farko a rayuwata ba ta bayan ƙeyar kowa ba. Wallahi na ji daɗi. Na duba lamba: ashirin da ɗaya da ɗigo uku. Na sake yi, haka. Na uku ma bai gusa ba. Na rubuta da biro.

Sai na waiga. Rabin ɗakin ba su ko jiƙa kwalbarsu ba, amma kowa ya cika jadawalin lambobinsa tsaf. Ƙawata ta leƙo takardata, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, kin fi kowa ne? Mutum ashirin sun samu abu ɗaya, ke kin zo da naki na gida. Gyara, abeg."

Tsoro ya kama ni. Na tuna ni ce ban taɓa riƙe buret ba sai yau, na manta su ma haka. Na ja layi a kan lambobina uku, na rubuta na jama'a a gefe, har da ɗan bambanci tsakaninsu don kada a ce na kwafa. Wayo ke nan.

Bayan an tattara takardu, malam ya tsaya a baranda yana goge hannu da tawul ɗin buret. Ya ce asid ya ƙare bayan rukunin farko, don haka ya haɗa mana sabo, kuma sabon ya ɗan fi ƙarfi. Ya sake gwaji, lambar rukuninmu ita ce ashirin da ɗaya da ɗigo biyu. 

Ya kira ni gefe. Ashe ya ga takardata lokacin da yake zagayawa.

"'Yata, wa ya ce ki soke?"

Na ce, "Kowa, Malam."

"Kowa ya yi gwajin?"

Na sunkuyar da kai. Har yau in na tuna, kunya nake ji da haushin kaina.

Sakamako ya fito, fas na samu a kemistiri, ba kiredit ba. Shekara guda na zauna a gida ina jiran sake jarrabawa, matan layinmu suna ci gaba da aiko mini masu ciwon kai. Babana bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko aikin ne ya gagare ni, na ce a'a, Baba, na samu amsar har sau uku. Ya ce to ina take? Na ce tana nan a takardar, ƙarƙashin layin da na ja.