Editan da Ya Nemi Kakannina a Littafina

A Makka, editan kamfanin buga littattafai ya ture rubutuna gefe, ya ce, "Ya ustaza, Larabcinki babu laifi. Amma labarin mai gidan burodi a unguwar Utaibiyya? Mun so ki ba mu wahalar kakanninki, yadda suka taso daga Kano a ƙafa."

Shekara huɗu ina rubuta littafin nan, kuma su kaɗai suka kira ni.

Na ce, "Ustaz, nan Makka aka haife ni, mai burodin kuma babana ne. Sauran marubutanku ma kana tambayarsu kakanninsu?"

Na kwashi takarduna na fito. Ko layi ɗaya ba zan canza ba.

Marubuta, ku ma an taɓa zaɓa muku labari saboda launin fatarku?