Makarar Kwali a Ƙofar Mzee Kombo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a mayar da mu, da mai so da marar so. Da hantsin ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran dattijonmu Mzee Kombo Mwinyihija, mai gahawa a Layi na Sha Biyu, Ngamiani, nan Tanga, yana da shekara saba'in da uku. Ni Hemedi Shemdoe ne mai wannan rubutu, kuma na san rabin unguwa na ganin ba ni da bakin yi masa ta'aziyya. Su ji da ganinsu. Da kai nake magana, Kombo, ba da su ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina zama a dakalinka, ban taɓa jin ka faɗi ra'ayin da na yarda da shi ba. Kai ɗan ƙungiyar ƙwallon Jahazi ne, masu jar riga, ni kuwa ɗan Nyota, masu kore. A wajenka mai tsaron gidanmu da man kwakwa yake wanke hannu kafin wasa. Duk alƙalin wasan da ya hura wa Jahazi laifi, ka san kakansa, ka san abin da kakan ya sata. A ganinka kiɗan tarabun yanzu hayaniya ce kawai, shinkafar biki ta lalace tun da aka fara ba da kwangilar dafa ta, yaran zamani kuma askinsu ya fi ƙwallonsu kyau. Kakan miƙo mini ɗan kofi da alewar kwakwa ka ce, "Sha, ɗan Nyota, ko bakinka zai samu abin yi ban da ƙarya." Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai da rashin sanin ƙwallo irinka ba, kuma mutuwa ba za ta sa in janye wannan maganar ba.

Amma da matata Mwanahawa ta kwanta wata biyu a asibiti, kai ne kake zuwa kowace safiya da butar gahawa, ka naɗe ta a tsohuwar rigar Jahazi don kawai ka ɓata mini rai. Da ta rasu, kai ka tsaya a kan tukwane kwana uku, ka hana 'ya'yana taɓa ko ludayi. A cikin taron makoki ka ce, "Matar da ta yi haƙuri da ɗan Nyota shekara talatin, me kuma za a tambaye ta?" Ranar na yi dariya da hawaye a fuskata. Haka wasan da ke tsakaninmu yake, haka muka tarar iyayenmu suna yi.

Kowa a Ngamiani ya san al'adar. Idan Jahazi da Nyota suka kara a wasan shekara, waɗanda suka ci sai su haɗa makarar kwali, su lulluɓe ta da kalar waɗanda aka ci, su kai ƙofar babban mai goyon bayansu suna kukan ƙarya. Sau tara ka kawo mini, Kombo. Akwai shekarar da ka zo har da masu busa ƙaho, ka sa na fito da zane a ƙugu na karɓi gaisuwa. Ban taɓa kai ƙararka wajen kowa ba.

Ranar Lahadi muka ci ku biyu da nema. Ban gan ka a fili ba, na ce tsoro ne. Tun Juma'a dakalinka na rufe, aka ce mana zazzaɓi ne. Babu wanda ya gaya mini zuciya ce, babu wanda ya ce likita ya riga ya sallamo ka gida. Da safiyar Litinin ni da tsofaffi huɗu muka ɗauko makararmu da jan ƙyalle, ni ne a gaba. Na tsaya daidai tagar ɗakinka na ɗora hannu a ka ina cewa, "Wayyo Jahazi, an tafi an bar mu! Kombo, fito ka yi wa gawarka sallah." Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi maka a duniya.

Ɗanka Jafari, wanda ya iso daga Dar es Salaam ban sani ba, shi ya buɗe ƙofa. Ya sa ƙafa ya shure kwalin. "Mzee Hemedi, ubana na ciki yana fama da ransa, kai kana kira masa mutuwa? Bar ƙofar nan." Ba a yi awa ɗaya ba kukan gaske ya tashi daga gidan.

Wannan shurin ban riƙe shi ba, ɗa ne, ubansa na mutuwa. Abin da na riƙe shi ne na bayan la'asar. An fito da kai, maza sun yi layi biyu ana miƙa makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa, har baƙon da bai san sunanka ba ya samu rabonsa. Na shiga layi, sai Jafari ya dafa ƙirjina ya ce, "Ban da kai." Tsofaffin nan huɗu da muka ɗauko kwali tare, Sefu da 'yan uwansa, duk suka sunkuyar da kai, suka miƙa kafaɗunsu. Yau su ne a gindin mangwaro suna cewa bakin Hemedi ya kashe Kombo. Munafukai. Da dariya suka riƙe ƙafafun makarar, Sefu ma shi ya kawo igiya. Na bi ka maƙabarta daga can baya kamar wanda ya yi sata, kuma kwana biyu ina tambayar kaina ko da fushina ka tafi.

Ranar uku matarka Bi Mwantumu ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta yi magana. "Shemeji," ta ce, wato ɗan'uwan miji, don haka take kirana tun tana amarya, "ya ji ku sarai. Dariya ya yi har sai da na tallafe shi. Ya ce, 'Kun ji wawan nan? Shekara arba'in, har yau bai iya kuka ba. In tawa ta zo kada ku bar shi ya yi mini kuka, zai kunyata ni. Ku ba shi gaban makara, kafaɗa kaɗai Allah Ya ba shi.'" Sannan ta turo wani koren ƙyalle ta ƙarƙashin labulen. Tun makon jiya ka saya, ka ɓoye a ƙarƙashin katifa, don ka tabbata ku za ku ci, ni za a kawo wa makara.

Na tambaye ta wa ke ɗakin lokacin da ka faɗi haka. Ta ce Jafari ne ke riƙe da ƙafafunka.

To, Jafari, ka ji da kunnenka. Wasiyyar ubanka ce ta ƙarshe, ka danne ta don kada abokanka na birni su ce gidanku ana wasa da gawa. Ba ni ka hana ba, shi ka hana. Na san addini ya ce in yafe, ina kuma roƙon Allah Ya ba ni iko, amma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar ubanka ba: ban yafe ba tukuna.

Kai kuma Kombo, ka ci ni. Ka tafi da maganar ƙarshe kamar kullum, ka bar ni da ƙyalle. Na gaya wa 'ya'yana, ranar da tawa ta zo a shimfiɗa shi a kan makarata, kuma duk ɗan Jahazin da ya miƙo kafaɗa kada a hana shi, ko da Jafari ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Bi Mwantumu da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin rashi, Ya ba ni nawa. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.