Ladan Mai Agogo da Gefen Titinsa

Duk wanda ya zauna a Minna a shekarun da suka biyo bayan ba ta jiha, in dai yana bin titin Paiko da safe, to ya san Ladan mai agogo, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, kullum a kan baƙin kekensa Rali, ƙafar wandonsa ta dama a ɗaure da tsinken roba don kada sarƙa ta ci ta. A kan kariya akwai ɗan akwatin katako, cikinsa agogunan mutane ne kwance a auduga.

Kakansa Bakano ne, aikin shimfiɗa layin dogo ya kawo shi garin, ya kafa gida a Ketaren Gwari. A nan aka haifi Ladan, a nan ya koyi gyaran agogo wurin wani kawunsa. Da ya auri Azumi gida ya yi musu kaɗan, sai ya sami fili a Shango, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Teburin sana'arsa kuwa yana gindin wani mangwaro kusa da tashar jirgin ƙasa. Saboda haka kullum sai ya yi wannan tafiya, safe da yamma.

A farko titin nasu ne. Daga Shango har cikin gari bai fi ya gamu da mota uku ko huɗu ba. Shi da maƙwabcinsa Yona, wani Bagwari mutumin Kuta da ke aikin kafinta a reluwe, jerawa suke yi a tsakiyar kwalta suna hira, wani lokaci har Yona ya saki kan keke yana kwatanta girman doyar da ƙanensa ya haƙa. Abin da kawai suke kaucewa shi ne awaki, sai matan Gwari masu tahowa kasuwa da kaya a kafaɗa.

Sai shekarar 1976 ta zo, aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka ce Minna ce hedkwata. Kafin damina biyu gari ya canza. Ma'aikata suka sauko daga Sakkwato da Fijo-Fijonsu da 'yan motocin nan masu kama da kunkuru. Tifofi suka cika hanya da yashi da tsakuwa, ko'ina gini ake yi. Yona ya jure wata shida, ranar da wata tifa ta watsa masa ruwan taɓo har cikin baki ya ce shi ya bar kwalta. Ya koma bin hanyoyin ƙafa ta cikin gonaki, duk da sun fi nisa.

Ladan bai bari ba. Ya koma gefe, ya kama ɗan siririn wurin da ke tsakanin bakin kwalta da jar ƙasa, ya mai da shi nasa. Mutum ne da ya saba kara agogo a kunne ya gane ciwonsa, sai ya juya wannan kunnen ga hanya. Ba ya waiwaye, amma ya san abin da ke tahowa a bayansa. Tifa mai kaya ba ta ba shi tsoro, nishi take yi tana tafiya a hankali. Wadda ta sauke ita ce abin gudu, don direbanta sauri yake ya koma ya ɗebo, da ya ji ƙarfenta yana ƙarar banza sai ya gangara ƙasa ya ba ta wuri. Direbobin manyan motoci yana ganin mutuncinsu, tun daga nesa suke yi maka ham. Waɗanda yake addu'a a kansu su ne akawunan da suka sayi mota jiya, suka riƙe sitiyari da hannu bibbiyu kamar za a ƙwace.

A daminar 1979 ne ya faɗi. Ana yayyafi da safe, ya iso Tunga, wata tasi ta tsaya a gabansa tana sauke fasinja. Ya karkata zai wuce ta, sai direban ya banko ƙofa. Ladan bai san lokacin da ya bar sirdi ba. Ya dai ga kansa zaune a kwalta, gwiwar hannu tana jini, akwati a buɗe, agogo bakwai sun watse a kan titi, ga motoci suna tahowa.

Direban wani gajere ne kakkaura, Banufe mutumin Bida, sunansa Yisa. Ladan ya zaci zai fara da masifa, yadda aka saba. Sai ya ga mutumin ya ruga tsakiyar titi ya buɗe hannuwa, yana ihu da irin Hausarsa: "Ku saya! Ku saya! Kaya na mutane ya zube!" Motoci suka yi layi suna ham, bai motsa ba sai da aka tsince agogunan duka. Na bakwai a bakin kwata aka same shi, yana ta bugawa abinsa.

"Malam, ka yi hakuri," in ji Yisa. "Wallahi ni bai gan ka ba."

"Yaya za ka gan ni," in ji Ladan, "alhali ba ka duba ba?"

"Gaskiya ne. Shiga mota."

Wilin gaba ya lanƙwashe, ba halin hawa. Yisa ya cusa keken a but ɗin motar ya ɗaure da igiya, ya sa Ladan a kujerar gaba. Shekara da shekaru yana bin titin nan, amma ran nan ne ya fara ganinsa ta cikin gilashin mota. Ruwa yana zuba, waifa ɗaya ce ke share gilashin. Can gaba ya hangi wani abu baƙi-baƙi a gefen hanya, ya ɗauka kututture ne, sai da suka zo dab ya ga mutum ne a kan keke da shuɗiyar riga.

Ya bi shi da kallo har suka wuce shi. Sannan ya ce, "Ashe haka muke a idonku."

"Haka ne, Malam. In ruwa ya zo, ku duka kamar inuwa."

A satin nan Ladan ya shafa wa madigadin baya farin fenti, ya ɗaura madubi a kan keken, Azumi kuma ta ɗinka wa akwatin farar riga. Da Yisa ya zo duba shi a gindin mangwaro, Ladan ya tuna agogon motar a tsaye yake, ya sa aka kwance shi ya tayar da shi. Daga nan suka ƙulla. Kowace safiya in tasin ta zo wucewa sai ta yi ham sau biyu gajeru, Ladan ya amsa da ƙararrawa. Yisa ya baza labarinsa a tasha, har direbobin da ba su taɓa magana da shi ba suka riƙa buɗe masa hanya, suna leƙowa ta taga: "Mai Agogo, ƙarfe nawa?" Shi kuma ya faɗa musu ba tare da ya duba hannu ba, kuma da wuya ya kuskure da minti biyu.

Shekarun nan sun yi masa daɗi. Yana son sanyin safiya a fuska, yana son ƙanshin ƙosan da ake toyawa a mararrabar Tunga, yana son yadda yake ratsa cunkoso ya bar manyan mutane a zaune cikin mota suna gumi. In aka tambaye shi ba ya tsoron motoci, yakan ce ai sun san juna.

Waɗanda suka dagula masa lissafi ƙanana ne. Wajen ƙarshen shekarun tamanin rayuwa ta yi tsada, tasi suka ragu, babura suka fito haya, aka ce sunansu acaɓa. Su ba su tsaya a tsakiyar titi ba, gefen Ladan suka shigo. Wani ya wuce shi ta hagu, wani ta dama, wani ya taho masa gaba da gaba a hannun da ba nasa ba. Kunnensa ya kasa aiki, don ƙarar ta ko'ina take fitowa.

"Mota ka san inda za ta bi," ya ce wa Azumi wata rana yana wanke ƙafa. "Babur kuwa, ko mai shi bai san inda zai bi ba."

"To Malam, ka ajiye keken mana ka riƙa shiga bas. Shekaru sun fara ja."

"Ni zan bar musu? Ai ni suka tarar."

Wata Laraba da la'asar wani ɗan acaɓa mai jar hula ya goge shi a gwiwar hannu ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Ladan bai faɗi ba, amma ransa ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci a kan hanya ba. Ya bi shi da feda har inda suke taruwa a ƙarƙashin wata darbejiya, ya jingine keke, ya nufi mai jar hular da maganganu cike da baki. Mutumin ya juyo, sai duk suka yi turus. Malam Ndakotsu ne, malamin firamaren da ya koyar da 'yarsa Lailatu lissafi a aji biyar. In an tashi makaranta yake ɗaukar babur ya fito, don albashi ba ya kai wata.

Malam Ndakotsu ya cire hula ya ɗan rusuna. "Baba, kai ne? Subhanallahi. Don Allah ka yafe mini, hankalina ba ya jikina."

Ladan ya ji kunya kamar shi ya yi laifin. Amma tunda ya zo, sai ya faɗi abin da ya kawo shi, a gaban su duka. Ya ce shi bai zo hana kowa neman abinci ba. Kamu ɗaya kawai yake roƙo daga bakin kwalta, ya gwada musu da hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa. Kuma in za su wuce mai keke, su wuce ta hagu, su yi masa ham tun daga baya, ba sai sun zo kunnensa ba. Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Baba, ko mu shata maka da alli?" Ladan ma ya dara. Ba duka suka gyara ba, kuma kullum sababbi ake samu. Amma na wannan inuwar sun riƙe maganar, kuma su ne suka fi bin hanyarsa.

Da aka shiga wahalar mai ta 1994, titi ya koma kamar na da. Motoci suka yi layi a gidajen mai kwana da kwanaki. Yona, wanda ya riga ya yi ritaya, ya fito da tsohon kekensa, suka sake jerawa a tsakiyar kwalta. Kwana biyun farko Ladan ya ji daɗi ƙwarai. A na uku ya lura shirun ya dame shi. Ba mai tambayarsa ƙarfe nawa, kuma gindin mangwaro ba kowa, don masu agogo ba su da abin hawa.

Ya tarar da Yisa a layin mai, kwanansa biyu a cikin mota, ya ce ya hau ya kai shi gida ya yi wanka. Ya kwance akwatin ya ba shi ya rungume, Yisa ya zauna a kariya, taya ta kusa taɓa ƙasa. Suna cikin tafiya wata tirela ta wuce su, iskarta ta girgiza keken. Yisa ya rufe ido ya kama salati da ƙarfi, ya cakumi rigar Ladan har maɓalli ya tsinke.

"Sauke ni! Malam, sauke ni, kafa na yana nan!"

Haka suka ƙarasa, Ladan yana tura keke yana dariya har da hawaye, Yisa yana biye da akwati a ka.

Bayan shekara uku gwiwoyin Ladan suka fara magana. Akwai wani ɗan hawa a hanyar komawa gida, wanda a da bai ma san hawa ba ne, yanzu sai ya sauka ya tura. Wata yamma yana shirin sauka ya ji babur ya rage gudu a hagunsa.

"Baba, riƙe kan keken da kyau, ka daina feda."

Malam Ndakotsu ne, ba fasinja. Ya miƙa ƙafar dama ya dafa ƙarfen kariya, ya murɗa mai a hankali. Keke ya zabura. Ladan ya ƙanƙame kan keken yana cewa, "Kai, Malam! Kai! A hankali, akwai kayan mutane!" Amma kafin su kai rabin hawan ya saki jiki. Iska ta cika masa riga, itatuwan gefen hanya suna wucewa da gudun da bai taɓa gani ba daga kan sirdi, ƙafafunsa a hutawa. A saman tudu Malam Ndakotsu ya janye ƙafa, ya ɗaga hannu ya juya.

Ladan ya shiga gida rana ba ta ko yi ja ba. Azumi tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dube shi ta dubi inuwar katanga.

"Lafiya, Malam? Ko ba ka je ba ne yau?"

"Na je mana."

"To ai ko ruwan tuwo ban ɗora ba."

"Ɗora a hankali," ya ce, yana ta murmushi. Ya jingine keken, ya jawo tabarma ƙarƙashin rumfa, ya buɗe akwati ya shiga kara agogunan a kunne ɗaya bayan ɗaya. Duka suna tafiya.